Shuɗin Fenti a Kan Kabad ɗin Baba

Matata ta gargaɗe ni tun kafin in buɗe gwangwanin. Tana tsaye a bakin ƙofa da tsintsiya a hannu ta ce, "Malam, ka bar kayan nan yadda suke. Na ga hannunka yana ƙaiƙayi, kuma duk ranar da ya yi haka sai mun ga abin da ba mu so."

Na ce mata ta ci gaba da shararta. Shekara ashirin da bakwai ina sana'ar fenti, ba yau za a koya mini abin da ya dace da katako ba. Ta girgiza kai ta wuce. Da na saurare ta, da yanzu hankalina a kwance yake kamar na kowa.

Abin da ya kawo maganar shi ne 'yarmu ta fari. Injiniya muke ce mata tun tana shekara shida, ranar da ta kwance mini rediyo ta mayar da shi ya ci gaba da magana. Ta samu gurbi a makarantar koyon aikin lantarki a wani gari. Takardar ta ce a biya kuɗin rajista da na ɗakin kwana cikin kwana ashirin da biyar, in ba haka ba a ba wani. Na juye duk abin da na tara, matata ta kawo nata na ɗinki, muka haɗa ya kai rabi da ɗan ɗoriya. Ga damina ta sauka, kuma ba mai kiran mai fenti ana ruwa.

Sai na tuna da kayan Baba. Mahaifina kuku ne, ya yi shekara talatin yana dafa wa wani baƙon ɗan kasuwa abinci. Da mutumin zai koma ƙasarsu ya bar masa agogon bango, da cokula goma sha biyu a cikin akwatinsu mai jan ƙyalle, da wani ɗan kabad mai aljihuna tara. Tun muna yara ake ce mana cokulan nan azurfa ce tsantsa. Ko biki ake yi ba a cin abinci da su. Kabad ɗin kuwa tun da Baba ya rasu ba wanda ya damu da shi, a ciki nake zuba tsofaffin buroshi da ƙusoshi da rasiɗai.

Na ɗauki cokulan na kai wa wani dillalin tsofaffin kaya. Ya juya ɗaya sau biyu, ya faɗi kuɗi, ya fara zaro su daga aljihu tun ban amsa ba. Saurin nan nasa ne ya tsorata ni, na rufe akwatina na dawo gida.

"Baba, ai ba a tambayar mai saye nawa abu ya kai," in ji Injiniya. "Akwai masu ƙiyasi. Aikinsu kenan, su duba kaya su faɗi darajarsa, su rubuta a takarda."

Ta nemo lambar wata mata, ta kira, ta buɗe muryar wayar muna ji mu uku. Bayan gaisuwa na tambaye ta kashi nawa za ta ɗauka in an sayar.

"Ba na ɗaukar kashi, Malam," ta ce. "Da kashi nake ɗauka, ai sai in ce maka cokalinka ya kai kuɗin mota. Awa nake lissafawa. Mafi ƙaranci awa biyu, da kuɗin motar da za ta kawo ni, sai kuɗin rubuta rahoto, kowane kaya da nasa. Kuma ba na sayen abin da na ƙiyasta, don kada zuciyata ta karkata."

Ta faɗi kuɗin awa ɗaya. Na yi lissafi a raina, awa biyunta sun kai abin da nake samu in na yi fentin ɗaki uku.

"To in kayan ba su yi daraja ba fa, Hajiya?"

"Kuɗina yana nan. Aikin dubawa kake biya, ba albishir ba. Ka yi tunani tukuna, ban son ka yi da-na-sani."

Na yi tunanin kwana biyu. Kuɗin nan daga cikin na makarantar yarinya zai fita, in kuma aka tashi babu komai na ƙara faɗin ramin da nake son cikewa. Amma tsoron kada in sayar da azurfa a kuɗin gwangwani ya fi ƙarfi. Na ce ta zo. Ta sa ranar Asabar, ta ce kada a wanke kayan, kada a goge su, a nemo duk wata takarda ko hoto da ya shafe su.

Na kiyaye maganarta. Cokula da agogo ban ko hura musu iska ba. Abin da ya dame ni shi ne inda za a ɗora su. Teburinmu ƙafarsa ɗaya gajeruwa ce, da kwali muke tallafe ta. Na ga kabad ɗin Baba tsayinsa ya yi daidai, sai dai ya yi baƙi, ya dushe, ga tabon kofi a samansa. A ce baƙuwa mai ilimi ta shigo gidan mai fenti ta tarar da katako haka? Ina da ragowar shuɗin fenti daga wani aikin asibiti. Ranar Laraba na fitar da shi tsakar gida, a nan matata ta yi maganar da na faɗa, ni kuma na shafa masa sau biyu. Da ya bushe har ɗaukar ido yake yi.

Ranar Asabar da hantsi mai ƙiyasi ta iso. 'Yar gajeruwar mata ce mai gilashi, da jaka a kafaɗa. Ta zauna, ta duba agogon hannunta, ta rubuta lokaci a littafi. Injiniya ma ta danna nata a waya ta ajiye inda zan riƙa gani.

Na fara gaisuwa yadda ya kamata. Ya hanya, ya iyali, ya ruwan nan da aka yi. Na kai ga tambayar ya mahaifanta sai Injiniya ta yi tari.

"Baba, gaisuwar nan ta ci kuɗin buroshi biyu."

Mai ƙiyasi ta yi dariya. "Ƙyale shi, ban fara lissafi ba sai na sa safar hannu." Ta zaro farar safa ta sa. "To yanzu na fara. Malam, me za ka yi da ƙiyasin?"

Na ce so nake in san kuɗinsu.

"Na sani. Amma abu ɗaya yana da kuɗi iri-iri. In don inshora ne, zan rubuta abin da za ka kashe ka sayo irinsa in ya ɓace, wannan shi ya fi yawa. In rabon gado ne, akwai yadda ake yi. In kuma sayarwa za ka yi, zan faɗi abin da mai saye zai biya da son ransa, wannan ya fi ƙasa. In sauri kake yi kuma, ya ƙara sauka."

"Sayarwa ce. Kuma saura kwana goma sha shida."

Ta dube ni, ta dubi Injiniya, ba ta tambayi dalili ba. Na miƙa mata hoton da na samo, Baba yana tsaye da farin kayan aikinsa a falon ɗan kasuwar. Na soma ba ta labarin yadda Baba ya fara aiki a gidan, da ranar da kaza ta tsere masa ta shiga ƙarƙashin motar baƙi. Injiniya ta taka mini ƙafa.

"Labari yana cikin aikina," in ji mai ƙiyasi, "amma wanda za a iya tabbatarwa. Hoton nan ya fi kazar amfani."

Ta fara da cokula. Ta auna nauyin ɗaya a ɗan sikeli, ta juya bayansa, ta sa madubin ƙara girma a kan wasu ƙananan haruffa. Ba ta daɗe ba. Ta kira ni in leƙa.

"Ka ga haruffan nan? Kamfanin da kansa ya rubuta cewa ruwan azurfa aka shafa a kan farin ƙarfe. Dubi bakin wannan, har ya fara cinyewa."

Kuɗin da ta faɗa ya ɗara na dillali da kaɗan. Shekara arba'in muna cin abinci da cokalin roba muna kallon waɗannan. Matata da ke zaune a gefe ta ce a hankali, "To ai yau sai mu ci da su."

Aka sauko da agogo. Mai ƙiyasi ta yaba katakonsa, ta buɗe bayansa, sai ta tsaya.

"Wa ya sa masa injin batir?"

Injiniya ta sunkuyar da kai.

"Ni ce, Hajiya. Ina aji biyu a sakandare. Ya tsaya, Baba kullum yana makara wurin aiki."

"Aikin ya yi kyau," in ji mai ƙiyasi. "Sai dai masu sayen irin wannan, cikinsa suke saye. Ko da cikinsa ma ba wani kuɗi ba ne, an yi dubbai irinsa. Ina tsohon injin?"

"Yana nan, ban yar ba."

Injiniya ba ta yar da komai. Ta durƙusa gaban kabad ɗin, ta ja aljihun ƙasa. Fenti ya ɗan manne shi, ta ja da ƙarfi, aljihun ya fito gaba ɗaya a hannunta. Ta ɗauko gwangwanin madarar da ta zuba ƙarafan agogon a ciki ta miƙa. Amma mai ƙiyasi ba gwangwanin take kallo ba.

"Ba ni aljihun."

Ta juye ƙusoshina a kan tabarma. Ta shafa kusurwar aljihun inda katako ya shiga cikin katako kamar yatsun hannu, ba ƙusa ko ɗaya. Ta shinshina cikinsa. Ta kifa shi, ta haska tocila, sai ga wani ɗan tambari da aka ƙona a jikin katakon, wanda ban taɓa gani ba duk tsawon zamana da shi. Ta ɗauki hotonsa sau uku. Ta koma kan hoton Baba ta sa madubi. Ashe a bayan Baba, kusa da labule, kabad ɗin nan ne a tsaye.

"Wa ya yi masa fenti?"

"Ni ne," na ce, har ina gyara zama. "Shafi biyu."

"Yaushe?"

"Ranar Laraba."

Ta cire gilashinta ta riƙe a hannu. Matata ta dubi rufin ɗaki.

"Malam, ba na ce kada a taɓa ba?"

"Ai ba ya cikin kayan, Hajiya. Teburi ne kawai na yi miki da shi."

Mai ƙiyasi ta ajiye madubinta. Sannan ta bayyana mini cewa irin wannan tambari na masu aikin hannu ne na da, kuma akwai masu neman kayansu a manyan gidajen gwanjo. In na gaske ne, kabad ɗin shi kaɗai ya ninka cokula da agogo sau da yawa. Amma masu sayensa fuskarsa ta asali suke biya, har da dushewar da tabon kofin.

"Tambaya ɗaya zan yi maka. Ka goge shi da samfefa, ka kankare fuskarsa, kafin ka shafa?"

A sana'armu babu abin kunya kamar a ce ka shafa fenti ba ka goge ba. Masu cin amanar aiki ke yin haka. Na kori yara biyu daga wurina a kan wannan. Ga baƙuwa, ga 'yata, ga matata, duk suna kallona. Bakina ya riga tunanina.

"Na goge mana. Ciki da bai. Ni ba na aikin ha'inci."

Mai ƙiyasi ta mayar da gilashinta, ta ɗauki biro.

"To shi kenan. In an goge, fuskar ta tafi, ba mai dawo da ita. Zan rubuta shi a matsayin tsohon kabad na amfanin gida."

Ta fara rubutu. Ina jin ƙarar biron a kan takarda.

"Malam," in ji matata, ba ta ɗaga murya ba. "Ina wanki a tsakar gida ranar. Faɗa mata gaskiya."

"Wace gaskiya kuma?"

"Samfefa guda ɗaya gare ka, ita ma ta cinye. Ka aika a sayo, aka ce shagon a rufe yake. Ka ce ai baƙuwar kwana ɗaya ce, ba za ta sani ba."

Injiniya ta rufe baki da gefen mayafinta, kafaɗunta suna rawa.

"Saman kawai na goge," na ce da ƙyar. "Inda za a ɗora cokula. Sauran haka na shafa."

"Alhamdu lillahi," in ji mai ƙiyasi, ta ja layi a kan abin da ta rubuta. "Ban taɓa jin daɗin ha'incin ma'aikaci ba sai yau."

"Ba ha'inci ba ne, Hajiya, shago ne a rufe."

"Na yarda."

A nan ne abin da na sani ya yi amfani. Na tuna Baba duk ƙarshen wata yana shafa wa kabad ɗin nan kakin zuma da tsumma, har ya rasu. Na ce mata fenti ba ya kama katakon da ya sha kaki in ba a goge ba, zama kawai yake yi a sama, bayan 'yan watanni ya fara ɓarewa. Ta tambaye ni ko na tabbata. Na ce wannan kam ko a cikin barci aka tashe ni. Ta ce in gwada a kusurwar baya, da farce kawai. Na sa farcen babban yatsa na tura a hankali. Fentin ya ɗago kamar ɓawon albasa. A ƙarƙashinsa ga katako ja mai duhu, da wani siririn layi ruwan ɗorawa da aka dasa a cikinsa.

Na sa hannu zan ƙara ɓarewa, ta riƙe mini wuyan hannu.

"Ya isa. Daga nan ba aikinka ba ne."

"Hajiya, ina da tina, ruwan wanke fenti. Awa ɗaya in wanke shi tas."

"Tinarka za ta cinye fentin ta cinye abin da ke ƙasa. Akwai mai gyaran tsofaffin kaya, shi zai cire a hankali. Kwana goma yake ɗauka, kuma shi ma da kuɗinsa."

Ta auna kabad ɗin tsawo da faɗi, ta ɗauki hoton kowane aljihu, ta tambayi shekarar da ɗan kasuwar ya tafi. Na roƙe ta ta faɗa mini kuɗin. Ta ce yadda yake a yanzu, shuɗi, kuɗin tsohon kabad ne. In fentin ya fita lafiya kuma tambarin ya tabbata, ta faɗi wani adadi daga kaza zuwa kaza. Ƙaramin ma ya cike abin da ya rage mana har da canji. Amma saman da na goge zai rage, kuma sama mai saye yake fara kallo.

"Rubuta mini babban a takarda," na ce.

"Ba na rubuta fata. Sai na duba abin da aka sayar da irinsa a baya, na ji daga mai gyara, sannan in sa hannu. Sa hannuna shi ne abin da mai saye zai yarda da shi, in na yi wasa da shi sau ɗaya na gama aiki."

Da ta cire safar hannu, wayar Injiniya ta nuna awa uku saura minti goma. Kuɗin awa uku ta karɓa, ba ta rage ko kaɗan ba. Sai dai ta ce cokula da agogo ba sa bukatar rahoto, abin da ta faɗa da baki ya isa, kada in ɓata kuɗi. Na kabad kawai za ta rubuta. Na ƙirga mata daga cikin kuɗin makaranta. Ta ba ni rasit, ta sha shayin da matata ta kawo mata, wanda ya riga ya huce, ta tafi.

Ko ƙofa ba a rufe ba matata ta shiga ɗakin kayan aikina, ta kwaso gwangwanayen tina da wuƙar kankare fenti, ta zuba a akwatinta ta kulle, ta ɗaura makullin a bakin zaninta.

"Haba, sai ka ce ɓarawo?"

"Ba ɓarawo ba, mai fenti."

Na zauna a kan tabarma ina tsince ƙusoshi. Injiniya ta zo ta zauna kusa da ni tana taya ni.

"Uwata, na ɓata miki abu," na ce.

"Ni ma ai na ɓata agogo. Gado ne, Baba, hannunmu ba ya zama wuri ɗaya."

"In kuɗin bai zo a kan lokaci ba fa?"

"Sai in sake nema baɗi."

"Baɗi ba a san wanda za a ɗauka ba."

Ta ware ƙusoshin manya gefe ɗaya ƙanana gefe ɗaya, kamar yadda take yi tun tana ƙarama. Can ta ce, "Amma shuɗin ya yi kyau, ka sani. Ko layin buroshi babu." Na san lallashina take yi, duk da haka na ji daɗi.

Ranar Litinin mai gyaran ya zo da motar ɗaukar kaya, wani dattijo marar yawan magana. Ya duba fentin, ya tambayi irinsa, na faɗa masa sunan da abin da na sirka shi da shi. Ya ce wannan bayanin ya rage masa aikin kwana ɗaya. Ya karɓi rabin kuɗinsa, sauran sai an gama. Aka naɗe kabad ɗin da bargo aka ɗaure. Na bi motar har bakin titi ina ce wa direba ya bi a hankali wajen ramin da ke kwanar layinmu.

Na je makarantar da kaina na roƙi a ƙara mana mako ɗaya. Magatakardan ya ce in rubuta takarda, za a duba. Na rubuta. Jiya na kira mai gyara sau biyu, a na biyun ya ce in na sake kira zai ƙara mini kuɗi. Ya gama gefe ɗaya da aljihuna huɗu, ya ce sun fito lafiya. Saman bai taɓa ba tukuna.

Yau saura kwana tara. Mai ƙiyasi ba ta sa hannu ba, makaranta ba ta amsa takardata ba. Har yanzu ban san zurfin da samfefata ta ci a saman kabad ɗin ba, kuma ban san ko za a samu mai saye kafin a ba wani gurbin Injiniya ba.